Kankare Marar Nauyi da Batun Ɗumamar Yanayi

Dutsen farar ƙasa da ake haƙowa a Kalambaina, kusa da Sakkwato, domin yin siminti, asalinsa halittu ne masu rai. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce wani teku marar zurfi ya rufe wannan yanki. Ƙananan halittun ruwa suka riƙa gina ɓawonsu da sinadarin kalsiyam da kabon, suna mutuwa, ɓawon yana taruwa a ƙasan ruwa har ya zama dutse.

Idan aka zuba garin dutsen a tanderu, aka gasa shi da zafin da ya kai digiri 1,450, sai ya saki abin da ya daɗe yana riƙe da shi. Kowane tan guda na tsantsar wannan dutse yana fitar da kilo 440 na iskar kabon-dayokzaid. Fiye da rabin iskar da masana'antar siminti ke fitarwa daga jikin dutsen take, ragowar kuma daga gawayi ko gas ɗin da ake ƙonawa. Ke nan ko da an sauya makamashi, matsalar ba ta ƙare ba. An ƙiyasta cewa siminti kaɗai yana da alhakin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na wannan iska da ɗan Adam ke turawa sama, wadda ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya.

To, ina mafita? Ɗalibin da ya taɓa tsaga ƙashin fiffiken tantabara ya ga ɗaya daga cikin amsoshin. Cikinsa holoƙo ne, sai 'yan siraran ginshiƙai a inda ake bukatar ƙarfi. Kankare na yau da kullum kuwa cunkushe yake: mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi yana da nauyin kilo 2,400. A dogon bene, babban kaso na abin da ginshiƙai ke ɗauke da shi nauyin ginin ne kansa. Idan bango da rufi suka yi sauƙi, ginshiƙai za su sirance, harsashi ya ƙanƙance, siminti da rodi su ragu.

Dabarar tsohuwa ce. Maginan Rumawa sun kammala ginin Pantheon a birnin Rum wajen shekara ta 125 Miladiyya, da ƙubba mai faɗin mita 43, ba rodi ko ɗaya. Daga ƙasa sun cuɗa kankarensu da dutse mai nauyi, suna hawa suna rage kauri, can sama kuma suka sa dutsen aman wuta mai ramuka kamar soso. Ƙubbar tana nan tsaye har yau.

A shekarar 1924 wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Suwidin, Johan Axel Eriksson, ya yi rajistar wata hanya dabam. Ana barbaɗa garin alminiyon a cikin kwaɓin, sai ya haifar da iskar haidirojin, kwaɓin ya kumbura kamar ƙullun waina. A yanka shi bulo-bulo, a turara a babbar tukunyar ƙarfe da tururi mai zafin kusan digiri 180. Bulon da ke fitowa yawancinsa iska ce. Nauyinsa bai wuce kwata na kankare ba, ana yanka shi da zarto, kuma yana hana zafin rana ratsawa cikin ɗaki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san watan Afrilu a Maiduguri.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka duk abin da ya yi sauƙi ya tsira daga laifi. Turarawar tana cin makamashi, haka ma tsakuwar yumɓu da ake gasawa har ta kumbura. Wannan bulo kuma bai kai kankare ƙarfi ba, yana kuma shan ruwa idan ba a yi masa shafe ba, don haka bango ya fi dacewa da shi, ba ginshiƙin bene ba. A ganina ribar tana samuwa ne idan injiniya ya sake lissafin ginin tun daga harsashi. Wanda ya sayi bulo marar nauyi, ya kuma zuba ginshiƙai masu kaurin da ya saba, kuɗi kawai ya ƙara.

Malaman kimiyya na iya nuna tushen batun a aji. A ɗiga ruwan tsami a kan ɓawon ƙwai ko na dodon koɗi. Kumfar da ɗalibai za su gani tana tashi ita ce iskar da tanderun siminti ke fitarwa.