Inda Karen Kan Iyaka Yake Kwana

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu leƙa ƙasar Amurka, musamman iyakarta ta kudu da Meksiko, wadda tsawonta ya haura kilomita 3,000, domin mu duba wata mas'ala wadda mai jin ta da farko zai ɗauka ba ta isa a zauna a kanta ba, alhali kuwa ta kai har zauren majalisar dokokin ƙasar. Mas'alar ita ce, karen da yake yi wa gwamnati aiki a kan iyaka, idan an tashi daga aiki, ina ya dace ya kwana, a gidan ajiye karnuka na haya, ko kuwa a gidan jami'in da suke yini tare?

Tun a shekarar 1970 hukumar kwastan ta Amurka ta fara horar da karnuka masu shinshino miyagun ƙwayoyi, a sansanin sojan sama na Lackland da ke San Antoniyo a jihar Teksas, kafin a mayar da makarantar Front Royal ta jihar Birjiniya a 1974. Daga baya 'yan sintirin kan iyaka suka kafa tasu a El Paso. Da aka tattara waɗannan ma'aikata ƙarƙashin hukuma ɗaya a 2003, bayan harin 11 ga Satumba, sai aka gaji karnukan duka, har ya zamana yau hukumar tana da fiye da 1,500, kowanne da jami'insa. Mafi yawansu manyan karnuka ne irin na makiyayan Jamus da na Beljiyam, masu neman ƙwayoyi da makamai da kuɗi da mutanen da aka ɓoye cikin motoci, sai kuma ƙanana masu faɗin kunne da suke zagaya jakunkuna a filayen jiragen sama suna neman nama da 'ya'yan itace, aikin da aka fara a Los Anjeles a 1984.

To, amma ko da yake hukumar ɗaya ce, al'adar biyu ce. Ɗan sintiri, wanda yake yawo cikin hamada da ƙungurmin daji, ya saba tafiya gida da karensa. Jami'in da yake tsaye a mashiga kuwa, inda motoci suke jerin gwano, galibi a gidan karnuka na haya ake ajiye nasa, ya je ya ɗauko shi kafin aiki, ya mayar da shi bayan an tashi, wasu ma'aikata dabam su ciyar da shi su wanke masa wuri. Kan wannan bambanci ne aka gabatar da ƙuduri a majalisar wakilai, cewa a gwada a wasu mashigai a ga abin da zai faru idan su ma aka bar su suka tafi gida da nasu.

Ni dai, masu sauraro, ra'ayina ya karkata ga masu cewa a bar kare ya bi jami'insa gida, kuma hujjata tana cikin yadda aikin kansa yake gudana. Allah ya hore wa kare hancin da ɗan Adam bai mallaki ko kusa da shi ba, amma bai ba shi harshen da zai faɗi abin da ya ji ba, saboda haka dukan fa'idar wannan baiwa ta rataya ne a kan mutumin da yake riƙe da igiya, wanda zai lura numfashin karen ya canja, ko kunnensa ya miƙe, ko ya ja da baya ya sake komawa kan tayar da ya riga ya wuce. A mashigar San Isidro, tsakanin San Diyego da Tihuwana, dubban motoci ne suke ƙetarewa kowace rana, kuma ƙwayar fentanil da ake farauta yanzu, ɗan abin da bai cika aljihu ba ya isa ya hallaka jama'a masu yawa. A irin wannan wuri, jami'in da ya san karensa sani na zaman tare, ya san gajiyarsa da ƙiwarsa da lokacin da yake neman wasa kawai, shi ne zai bambance alamar gaskiya da ta banza cikin ƙiftawar ido.

Sai kuma lafiya. Manyan karnuka masu zurfin ƙirji suna da wata cuta ta murɗewar tumbi, wadda takan taso farat ɗaya, ciki ya kumbura, idan ba a kai ga likitan dabbobi cikin sa'o'i kaɗan ba sai mutuwa. Wanda karensa yake bayan ɗakinsa zai ji motsinsa da tsakar dare ya fito, amma a gidan da aka tara karnuka da yawa, ana haushi dare da rana, tari yana yawo daga keji zuwa keji, wa zai lura cewa ɗaya daga cikinsu bai taɓa abincinsa ba? Maharbanmu da makiyayanmu ba su buƙatar a yi musu dogon sharhi a nan, domin ban taɓa jin maharbin da ya ba wani ajiyar karensa ya ce sai ranar farauta zai zo ya karɓa ba.

(Ɗan kiɗa)

Na san akwai mai sauraron da zai ce, kare a cikin gida? Tambaya ce mai tushe, kuma malamanmu ba su bar ta ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda almajirai suke karantawa a zaurukanmu, an hana ajiye kare a gida haka kawai, aka keɓe na tsaron gona da na dabbobi da na farautar neman abinci, kuma Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo wa mai shi. Ashe shari'a ta daɗe da bambanta karen aiki da karen sha'awa. A mazhabar Imamu Malik kuma kare mai rai ba najasa ba ne. Sa'an nan abin da ake nufi da gida a wannan magana shi ne keji mai daɓen siminti da rufi da inuwa da ruwa, a wani gefe na tsakar gida, wanda ake kullewa, domin wannan dabba dukiyar gwamnati ce kuma amana ce a hannun jami'in.

Sai dai fa amanar tana da nauyi, kuma ba zan ɓoye muku wannan ba. Kare bai san ranar hutu ba, bai san mai gida ya yi tafiya ko yana kwance ba lafiya ba, kullum sai an ciyar da shi, an motsa shi, an wanke kejinsa. Akwai yara a gida, akwai maƙwabta, akwai mai gidan haya da ba zai yarda ba, akwai zafin Teksas da Arizona wanda yake kashe karen da aka manta a rana, akwai kuma tambayar wa zai ɗauki alhaki idan ya ciji wani. Batun lada ma ya sha kai ma'aikata da hukumomi gaban alƙalai a Amurka, har dokar albashin 'yan sintiri ta 2014 ta ƙayyade cewa a lissafa wa mai kula da kare sa'a ɗaya a kowace ranar aiki, ko ya ɓata fiye da haka ko ƙasa. Saboda haka idan za a yi, wajibi ne hukuma ta gina kejin da kuɗinta, ta ɗauki abinci da magani da mota, ta riƙa aiko mai dubawa, ta kuma bar wa jami'in zaɓi, don kada a ce an tausaya wa dabba alhali an ɗora wa iyalin talakan ma'aikaci kayan da gwamnati ta sauke daga kanta.

Akwai wani abu guda da ya ƙara ƙarfafa mini wannan ra'ayi. Idan karen ya tsufa, ƙafafu suka yi nauyi, aka sallame shi daga aiki, jami'insa ne ake fara yi wa tayin ya ɗauke shi, kuma galibi yakan ɗauka. Wanda ya saba kwana a gidan, ranar sallama ba abin da ya canja masa sai dai da asuba mota ta tashi ba da shi ba, amma wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a gidan haya, sai a tsufansa zai fara koyon muryar yaran gidan da ƙofar da ake shiga.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau. 

(Kiɗan rufe shiri)