Ɗaliban Jawa Na Gudun Harshen Girmama Manya

Duk alhajin da ya yi ɗawafi ya ga alhazan Indonesiya, waɗanda mutanen Makka suka daɗe suna kira Jawa. Sunan ya samo asali ne daga tsibirin Jawa, mahaifar Jawanci, harshen da ƙidayar 2010 ta nuna mutum wajen miliyan 68 ke yi a gidajensu. Duk da wannan yawa, ba shi ne harshen ƙasa ba. Ran 28 ga Oktoba, 1928, samarin ƙasar suka taru a Batabiya, wato Jakarta ta yanzu, suka yi alkawarin riƙon harshe ɗaya, Indonesiyanci, wanda tushensa Malayanci ne. Da aka yi shelar mulkin kai a 1945, sai tsarin mulki ya tabbatar da shi.

A Jami'ar Gaja Mada ta birnin Yogyakarta, wadda aka kafa a 1949, da Indonesiyanci ake lacca, da shi ake jarrabawa, kuma da shi ɗan Jawa ke gaisawa da abokin karatunsa mutumin Sumatra. Amma da zarar an koma ɗakunan kwana, sai ka ji Jawanci ya ɓarke tsakanin 'ya'yan Jawa. Ashe ba yar da shi suka yi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, Jawanci hawa-hawa ne. Akwai "ngoko" na tsara da tsara, akwai "krama" na girmama manya. Aboki ana ce masa "kowe", baƙo "sampeyan", dattijo kuwa "panjenengan". Ko cin abinci ma suna uku gare shi: "mangan", "nedha" da "dhahar". Na ƙarshen nan na babba ne kaɗai. Yaron da ya faɗe shi a kan kansa ya yi girman kai, wanda kuma ya ce wa dattijo "mangan" ya yi rashin kunya. To, ɗalibin da bai ƙware ba, in ya tsaya gaban malami ko suruki, sai ya fake da Indonesiyanci, inda kalmar "Bapak", wato Baba, ta wadatar.

A ganina wannan ba raini ba ne, tsoron kuskure ne. Sai dai illarsa babba ce, domin a gida ake koyon krama, wanda bai iya ba kuwa ba abin da zai koya wa 'ya'yansa.

Hukuma ta yunƙura. An yi babban taron harshen Jawa na farko a Semarang a 1991, kuma a 2021 lardin Yogyakarta ya kafa dokar raya harshen da rubutunsa. Amma wanda ya fi jan hankalin ɗalibai mawaƙi ne, Didi Kempot, da suka riƙa yin cincirindo wajen wasansa har ya rasu a watan Mayu, 2020. Yawancin waƙoƙinsa kuwa da ngoko ya yi su.