Yadda A Ke Rarraba Babban Birni

Kai mutumin Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, ka san inda za ka kai kuka. In an ci maka iyakar gona sai ka tafi wurin mai unguwa, shi ya kai ka ga dagaci, dagaci ya kai ga hakimi, har maganar ta isa gaban Sarkin Katsina. To, amma birnin da mutanensa suka wuce miliyan, har mai unguwa ba ya iya sanin fuskokinsu, yaya za a yi da shi? Sai a yanyanka shi.

Dubi Kano. A zamanin En'e an kasa birnin fuska huɗu, Gabas da Yamma da Kudu da Arewa, kowace da Wakilinta. Da gari ya tumbatsa bayan ganuwa, fuskokin nan suka kasa ɗaukarsa. Yanzu yana cikin ƙananan hukumomi da dama, kamar su Dala da Fagge da Gwale da Tarauni da Nasarawa.

Can gabas mai nisa, a ƙasar Japan, haka suka yi. Su suna kiran irin wannan yanki "ku". A 1878 aka raba Tokiyo, babban birninsu, yanki 15. A 1932 suka zama 35, sa'an nan a 1947 aka mai da su 23. Kowane yana da majalisarsa, shi ke lura da makarantun yara da kwashe shara da rubuta haihuwa da mutuwa. Ruwan famfo kuwa da kashe gobara, hukumar birnin duka ke riƙe da su, gama wuta ba ta tambayar iyakar unguwa.

Abin da aka fi jayayya a kansa shi ne wa zai naɗa shugaban yanki. Mutanen Tokiyo sun fara zaɓen nasu, a 1952 aka ƙwace musu wannan iko, ba a mayar musu ba sai 1975. A gani na nan ne gizo ke saƙa, don wanda aka naɗo daga sama, sama ya ke duba.

Amma ba kowa ya yarda da haka ba. Birnin Osaka yana da yanki 24, shugaban birni ne ke naɗa masu riƙonsu. Sau biyu, a 2015 da 2020, aka tambayi mutanen garin ko suna son a rushe hukumar birnin a koma tsari irin na Tokiyo. Duk sau biyun masu cewa a'a suka rinjaya, da ƙyar.