Jan Jatan Landen China da Gubar Ƙarfe: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Duk shekara idan zafi ya kama, kasuwar jan jatan lande ta buɗe a biranen China, sai jita-jita ta biyo baya: wai a kwata yake rayuwa, wai jikinsa cike yake da dalma da zaiba. Wannan halitta mai hannuwa irin na ƙaguwa, wadda masana ke kira Procambarus clarkii, a kogi da fadama take zama, kuma mafi yawan wanda ake kiwo a duniya daga China yake fitowa. Magana ce da ta shafi cimar miliyoyin mutane da sana'ar manoma, don haka ya kamata a rairaye ta, a fitar da tsakuwa daga tsaba.

"Sojojin Japan ne suka kawo shi don ya cinye gawawwaki." Ƙarya ce. Asalinsa daga yankin Luwiziyana ne a ƙasar Amurka da arewacin Meziko. An kai shi Japan a 1927 don ciyar da kwaɗin da ake kiwo, daga nan ya isa yankin Nanjing na China wajen 1930, tun kafin yaƙin da ya ɓarke gadan-gadan tsakanin ƙasashen biyu a 1937.

"Ya fi son ruwa mai ƙazanta." Ba haka ba ne. Juriya gare shi, yana iya rayuwa inda kifi zai mutu, amma a ruwa mai tsabta ya fi girma da ƙiba. Akasarin wanda ke kasuwa kiwonsa ake yi a gonakin shinkafa da tafkuna, musamman a Qianjiang ta lardin Hubei. Manomin da ya bar ruwansa ya gurɓace, kansa ya cuta.

"Yana tara gubar ƙarfe a jikinsa." Wannan gaskiya ne, amma da sauran bayani. A laka yake kiwo, saboda haka abin da ke cikin lakar shi ke shiga jikinsa. Bayan da madatsar dattin wata mahaƙar ma'adinai ta fashe a Aznalcóllar ta ƙasar Sifaniya a 1998, an sami ƙarafa masu guba da yawa a jikin jatan landen kogin Guadiamar. Sai dai gubar ba ta bazuwa daidai a ko'ina cikin jikinsa. Kadmiyom da dalma sun fi taruwa a cikin kai, a wannan abu mai ruwan ɗorawa da ke masa aikin hanta, da kuma gaɓoɓin numfashi da ɓawo. Naman wutsiya, wanda shi aka fi ci, kaɗan yake ɗauka. Gwaje-gwaje kan na kiwo galibi suna samun naman a ƙasa da iyakar da China ta gindaya wa kadmiyom, wato miligiram 0.5 a kowane kilo.

"Idan ya dahu sosai, gubar ta mutu." Ƙarya ce, mai haɗari kuwa. Wuta ba ta ƙone dalma ko kadmiyom. Abin da dahuwa ke kashewa shi ne ƙwayoyin cuta da tsutsar Paragonimus mai kama huhun wanda ya ci shi ɗanye.

"Gubar ƙarfe ce ta kwantar da mutane a Nanjing a 2010." Ba a tabbatar ba. Lallai mutane sun yi fama da matsanancin ciwon tsoka bayan sun ci shi. Likitoci sun ce cutar Haff ce, wadda aka fara gani a 1924 a gaɓar tekun Baltik, kuma bincike bai ɗora laifin a kan gubar ƙarfe ba.

Busasshen kirafish da ake dakawa a miya a Najeriya kuwa wata halitta ce daban, ƙananan jatan lande da ake kamawa a bakin teku, irin su Oron ta jihar Akwa Ibom. Amma ƙa'idar ɗaya ce: ruwan da abu ya fito shi ne ma'auninsa.

Saboda haka, mai karatu, ka tambayi inda aka kamo shi, ka guji na kusa da masana'antu da wuraren haƙar ma'adinai, ka dafa shi sosai, ka bar kan, musamman ga yara da masu juna biyu. Kuma kada ka tura saƙon da ba ka tantance ba.