DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI

Duk wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa kwantar wa da ɗa, ya san darajar ƙwayoyin nan da ake sha kwana uku a jere. Amma ba kowa ne ya san cewa asalinsu daga cikin wani tsohon littafi aka tono shi ba, wanda aka rubuta a ƙasar Sin fiye da shekara 1,600 da suka wuce.

Ga yadda abin ya faru. Sa'ad da ake yaƙin Biyetnam, zazzaɓi ya yi ta kayar da sojoji a dazuzzuka, ga shi kuwa ƙwayar cutar ta riga ta daina jin kulorokwin. Saboda haka ran 23 ga Mayu, 1967, Gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na asiri don neman sabon magani. A cikin 1969 aka ɗora wata masaniyar haɗa magunguna, Tu Youyou, a kan ƙungiya guda ta masu binciken, tana da shekara 38 da haihuwa.

Ita da mutanenta suka duƙufa kan littattafan magabata, suka kuma bi masu maganin gargajiya suna tambaya. Suka tara haɗe-haɗe sama da 2,000, suka gwada ruwan itatuwa kamar 200 a jikin ɓeraye. A ciki akwai wani ganye da Sinawa ke kira cinghawo, watau ɗan'uwan tazargade. Yau ya yi aiki, gobe ya ƙi, har aka kusa fid da rai gare shi.

Sai Malama Tu ta koma ga littafin wani malami mai suna Ge Hong, wanda ya rayu a ƙarni na huɗu, ya kuma tara magungunan gaggawa wuri guda. Ta lura ashe shi bai ce a dafa ganyen ba; jiƙawa ya yi umurni, a matse a sha. Nan ta gane cewa wuta ce ke lalata amfanin. Ta bar tafasawa, ta tatsi ganyen da wani ruwan sinadari da likitocin da ke sa majiyyaci barci da shi kafin fiɗa, wanda ke tafasa tun zafinsa bai wuce awo 35 ba. A watan Oktoba na 1971, gwaji na 191 ya kashe ƙwayar cutar kaf a jikin ɓerayen.

Duk da haka ba a yi gaggawar bai wa jama'a ba. A 1972 ita da abokan aikinta biyu suka fara sha da kansu don a tabbata ba guba, sa'an nan aka gwada wa majiyyata 21 a tsibirin Hainan. Cikin shekarar aka ware ainihin sinadarin, wanda duniya ta sani yau da sunan atemisinin. A 2015 aka ba Malama Tu rabin kyautar Nobel ta fannin likitanci.

Nijeriya na cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan aiki, domin bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya a ƙasar nan suke, kuma yara ƙanana ne suka fi mutuwa. Sai dai a yi hattara. Hukumar ba ta yarda mutum ya jiƙa ganye ya sha a madadin ƙwaya ba, don ƙarfin ganye ba shi da ma'auni. Maganin da bai kai ƙarfi ba, ko wanda aka yanke shansa kafin kwana uku, shi ke koya wa cutar taurin kai. An riga an ga alamun haka a Kambodiya, daga baya kuma a Ruwanda da Uganda.

To, ƙasar Hausa fa? Ai ita ma ba ta rasa irin wannan gado ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai kan magani, har da ɗaya kan basir da wani kan amfanin filasko. Irin waɗannan rubuce-rubuce suna ajiye a Sakkwato da Gidan Arewa na Kaduna, wasu kuwa suna cikin gafakar malamai a zauruka, inda gara da damina ke yi musu barazana. Mai iya karanta su galibi bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba, mai ɗakin gwajin kuwa bai iya karanta su ba.

Labarin cinghawo ya nuna cewa littafin Ge Hong ya yi ƙarnuka a hannun jama'a bai raba su da zazzaɓi ba, sai da aka sami wadda ta haɗa karatun magabata da awon zamani. Haƙƙi ne a kan jami'o'in ƙasar nan su zaunar da malamin Larabci da masanin magunguna a tabarma guda, tun takardun suna karantuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.