Murar Tsuntsaye: Da Gaske Laifin Agwagin Fadama Ne?

Da zarar hunturu ya kankama aka ji kaji sun fara mutuwa a gonakin Kano ko Jos, sai tsohon zance ya dawo kasuwar kaji da majalisun unguwa. Wai baƙin tsuntsayen da ke saukowa fadamun Haɗeja da Nguru daga Turai su ke kwaso mana murar tsuntsaye, saboda haka a harbe su kowa ya huta. Zancen yana da ƙamshin gaskiya, sai dai an cakuɗa shi da abubuwan da binciken likitocin dabbobi bai yarda da su ba.

Gaskiya ne agwagin daji da sauran tsuntsayen ruwa su ne gidan asali na ƙwayoyin wannan mura. Amma galibin nau'o'in da suke yawo da su masu sauƙi ne, ba sa ko kwantar da su. Mugun nau'in nan H5N1 mai share garken kaji cikin 'yan kwanaki, a jikin tsuntsayen gida aka fara gano shi, a lardin Guangdong na ƙasar Sin a 1996. Sai a 2005 aka ga ya yi wa na daji mummunar ɓarna a tafkin Qinghai, inda fiye da 6,000 suka mutu. Ke nan na dajin ma a wajen na gida suka kwasa, kafin su zama masu kai shi nesa.

To, su suka shigo da shi Najeriya? A nan ne ake yawan yanke hukunci da garaje. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da cutar a wata babbar gonar kaji da ke Jaji, jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, kuma cikin watan ta ɓulla a Magariya ta Nijar. Masana da suka bi diddigin ƙwayar sun gano ba sau ɗaya ta shigo ba: aƙalla zuri'a uku ce daban-daban. Sun ce hanyoyin sun dace da na tsuntsaye masu ƙaura, amma ba su wanke fataucin kaji daga ƙetare ba. Abin da babu gardama a kansa shi ne yadda ta bazu bayan shigowarta. Motar da ta zaga gona biyar tana ɗaukar ƙwai, da kwandon kaji, da takalmin ma'aikaci, da mai gonar da ya ga kaji sun fara faɗuwa ya yi maza ya kai sauran kasuwa kafin asara ta cika, su suka yi wannan aiki. Babu agwagwar dajin da ta taɓa hawa mota daga Kano zuwa Legas.

Akwai kuma masu cewa tsuntsu mai lafiya ba ya ɗauke da komai. Wannan ƙarya ce, kuma a fadamarmu aka samu hujjar. A farkon 2007 masu bincike sun kama tsuntsaye a yankin Haɗeja da Nguru, suka goga auduga a maƙogwaro da duburarsu don gwaji. A jikin kirinjijiya da dinya, masu cin abincinsu lafiya lau, aka samu ƙwayar H5N2 mai alamar mugun nau'i. An maƙala wa wata kirinjijiyar na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya, ta ci gaba da rayuwarta har ta tsallaka ƙasar Chadi. A lura, kirinjijiya da dinya ba baƙi ba ne, 'yan gida ne na Afirka. Mai son ɗora komai a kan tsuntsun Turai sai ya sake lissafi.

Maganar harbi kuwa, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana hana ta. Ƙarar bindiga ɗaya ke tarwatsa garke, masu ƙwayar su watsu zuwa tafkunan da a da babu ita, maharbin kuma ya ɗauko gawar zuwa gidan da kaji ke kiwo a tsakar gida.

Ba kuma duk mutuwar tsuntsaye a bakin ruwa ce mura ba. Kwasakwasa kusan 750 da suka mutu a gandun Djoudj na Senegal a Janairun 2021, H5N1 ce ta kashe su, gwaji ya tabbatar. Amma dubban da suka mutu a tafkin Sambhar na Indiya a Nuwamban 2019, gubar wata ƙwayar bakteriya ce da ke yaɗuwa a ruɓaɓɓen nama da tsutsa, mai shanye wa tsuntsu fuka-fuki da wuya. Ga maganin feshin gona, ga guba da wasu ke zubawa da gangan. Ido ba ya rarrabe waɗannan. Sai ɗakin gwaji irin na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos.

Saura tsoron cin kaza da ƙwai, wanda ya durƙusar da masu gona da yawa a 2006. Naman da ya dahu har cikinsa ya kai zafin digiri 70 ba ya ɗauke da ƙwayar. Haɗarin yana wajen yanka da figa da feɗe tsuntsu marar lafiya, kuma ba wasa ba ne: a Janairun 2007 H5N1 ta kashe wata matashiya a Legas. Al'adar nan ta sa wa kaza wuƙa da sauri idan ta fara layi, don kada ta zama mushe, ita ce ta fi ba ni tsoro, domin mata da yara ne ke figar.

Masunci ko makiyayin da ya tarar da gawarwakin tsuntsaye a bakin fadama, kada ya taɓa su da hannu, kada ya bar karnuka ko agwagin gida su kusance su. Ya sanar da mai unguwa ko ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma da wuri, domin gawar da ta kwana biyu a rana ba ta cika amfani a wajen gwaji ba.