Daga Ramin Kurege Zuwa Tukunya

Manomin gyaɗa a ƙasar Birnin Gwari ba ya buƙatar a yi masa bayanin kurege. Yau ka yi shuka, gobe ka tarar ya bi kunya yana tone irin ɗaya bayan ɗaya, in kaka ta yi kuma shi ke riga mai gona ɗanɗana amfani. Rogo, doya, dankali, masarar da iska ta kwantar, babu wanda ya ƙyale. Shi ya sa farautarsa a ƙauyen Kusasu da sauran ƙauyukan bakin daji take biyan buƙata biyu: a rage ɓarna a gona, a kuma samu abin jefawa a miya a gidan da naman mahauta sai ranar kasuwa, ko ma sai Sallah.

Dajin wannan yanki ba ƙarami ba ne. A nan gandun Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936, aka mayar da shi gandun ƙasa a 1999, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120, yana kuma haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Doka ta hana farauta a cikinsa. Amma abin da ya raba maharba da tsakiyar daji a shekarun nan ba doka ba ce, 'yan bindiga ne. Sunan Kusasu kansa an fi jin sa a labaran jiragen yaƙi fiye da na noma. Ko da gwamnatin Kaduna ta Uba Sani ta yi sulhu da 'yan bindigar aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamba 2024, mai hankali bai koma kwana a dawa da karnuka kamar dā ba. Farauta ta dawo gefen gona da bayan gari, ta koma kan ƙananan namun daji: kurege, gafiya, gyazbi, zomo, bushiya. Ta kuma koma hannun yara da samari, waɗanda ba su zauna gaban Sarkin Baka sun koyi ƙa'ida ba. Wannan shi ne abin da ya fi damuna.

Kuregenmu na ƙasa ne, mai ja-ja-ja da farin zane a kowane gefe, nauyinsa daga rabin kilo zuwa kilo guda. Da rana yake kiwo. Yakan fito da hantsi, ya miƙe a kan ƙafafun baya ya leƙa, in rana ta take ya koma rami. Ramin nasa yakan kasance a tsohon suri, ko gindin itace, ko tsakanin duwatsu, kuma ba ƙofa ɗaya gare shi ba. Ba banza tatsuniya ta ba shi wayon da yake yi wa kura ba. Wanda ya san aikin sai ya zagaya ya toshe sauran ƙofofi kafin ya sa fartanya ko ya tura hayaki. Wasu tarko suke ɗanawa da gyaɗa a bakin rami, wasu kare da gora, yara kuma danƙo. Gafiya ita da dare take fita, tana cika kumatu da hatsi ta kai rami, shi ya sa haƙarta ake yi da rana tana barci. Gyazbi sai fadama, cikin rake da dogayen ciyayi, kuma ya fi su duka tsoka.

Rami ba na mai haƙa shi kaɗai ba ne. Kububuwa da kasa da gamsheƙa duk suna fakewa a ramukan ɓeraye, don can abincinsu yake. Zura hannu a rami ganganci ne, komai kusancin wutsiyar da ake hange. In tsautsayi ya faɗa, tsaga wurin da reza da ɗaure shi tamau ba sa fitar da dafi, sai ƙara ɓarna, balle saran kububuwa da ke hana jini daskarewa. Asibiti za a nufa. Akwai kuma masu cinna wa daji wuta da rani don kurege ɗaya ko biyu, wutar ta cinye harawa da karan da ake tanadi, ta ƙone ƙananan kaɗanya da ɗorawa, wani lokaci ta haɗa da damin dawar da ba a kwashe ba. Babu lissafin da zai sa wannan ya zama riba.

To, an kama. Daga nan zuwa lokacin da nama zai shiga tukunya, a nan halaccinsa da lafiyarsa suke tabbata ko su lalace.

A mazhabar Malikiyya da muke bi, namun dajin da ba sa farautar wasu halal ne, Muhtasar na Shehu Halil ma ya ambaci zomo da bushiya da beguwa da sunayensu. Sharaɗin yana wajen yadda dabbar ta mutu. Wadda aka samu da rai dole a yanka ta da bisimilla. Wadda horarren kare ya kashe, in mai shi ne ya sake shi da niyya ya kuma ambaci sunan Allah, ta halatta. Amma wadda gora ta kashe, ko tarko ya shaƙe har ta cika kafin a iso, mushe ce, kamar yadda aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta bayyana. Yaro ya dawo da kurege a sandare ya ce, "Baba, a tarko na same shi," amsar ita ce a binne. Abin sha'awa, likita ma abin da zai ce ke nan, don ba a san tsawon lokacin da ya yi a rana ba. Wanda aka tsinta a mace ba rauni, ko aka kama shi da hannu saboda ya kasa gudu, ya fi kowanne haɗari. Lafiyayyen kurege ba ya tsayawa a kama shi.

Cikin cututtukan da ake gudu akwai zazzaɓin Lassa, wanda ya samo sunansa daga garin Lassa na jihar Borno, inda aka fara gane shi a 1969. Mai ɗauke da ƙwayar cutar wani ƙaramin ɓera ne mai nonuwa da yawa, yana zama a gona yana shiga gida da rumbu, shi kuma ba ta yi masa komai. Tana cikin fitsarinsa da kashinsa da jininsa. Cutar ta fi tashi da rani, daidai lokacin da yara ke bin gonakin da aka girbe suna haƙar ɓeraye suna gasawa. Kurege da gafiya ba su ne wannan ɓeran ba, sai dai jakar yaro ba ta tantancewa, duk abin da ya fito daga rami ciki yake shiga. Ƙyandar biri kuma, duk da sunanta, ta fi alaƙa da dangin ɓera da kurege. A 1985 an samu ƙwayarta a jikin wani kuregen bishiya a Zayar, wato Kwango ta yanzu. A 2003 ta ɓulla a Amurka ta hanyar gafiyoyi da wasu ƙananan dabbobi da aka kai daga Gana, ta kama mutane 47. A Nijeriya ta sake bayyana a Bayelsa a watan Satumba 2017, ba ta kuma ɓace ba tun daga nan.

Wuta tana kashe waɗannan ƙwayoyin cuta. Wanda ya ci dafaffen nama bai kai wanda ya feɗe shi shiga haɗari ba. Saboda haka mai ƙaiƙayi ko yanka a hannu kada ya taɓa ɗanyen naman, mai juna biyu ma ta nisance shi, don Lassa ta fi yi wa masu ciki illa. In babu safar hannu, leda ma ta fi babu. A yi aikin a waje, nesa da turmi da shanyar gari, da wuƙar da ba ita ake yanka albasa da ita ba.

Kurege da gafiya da bushiya babbaka ake yi musu. A ɗora a harshen wutar kara ana juyawa har gashin ya ƙone, a kankare da wuƙa, a wanke. Zomo kuwa fatarsa saɓule ta ake yi da hannu. Sai a tsaga ciki a hankali daga ƙirji zuwa ƙasa, bakin wuƙa yana kallon sama, don kada hanji ya fashe ya ɓata naman. Wannan ba ya jiran dare; a zafin Maris da Afrilu cikin da aka bari yana rufe sai ya fara wari kafin a iso gida. A duba hanta: in tana da fararen ɗigo ko ƙuraje, a haƙura da dabbar gaba ɗaya. Kayan ciki a binne su da zurfi, kada a jefa wa karnuka ko kaji. In da bindiga aka harbo, a tsince ƙwayoyin harsashin a yanke naman da ke kewaye da su, domin dalma guba ce ga yara, kuma mutanen Zamfara tun 2010, da na Shikira a jihar Neja a 2015, sun ga abin da take yi, ko da yake tasu daga haƙar zinariya ta zo. Bayan an gama, sabulu da ruwa har gwiwar hannu.

Tsohon kurege nama ne mai tauri, farfesu ya fi dacewa da shi: citta, masoro, kanumfari, daddawa, ɗan jiƙon kanwa, a bar shi a wuta har ya saki ƙashi. Gashi da yajin ƙuli yana da daɗi, amma shi ne inda ake cutuwa, don baya yakan ƙone cikin cinya yana ja. A tsaga har ƙashi a gani. Banda ma haka take: hayaki yana busar da nama ya hana ƙuda, ba lallai ya dafa cikinsa ba, don haka sai an sake tafasa shi sosai a miya.

Wanda ya taɓa ɗanyen naman daji, sannan cikin kwana 21 ya kamu da zazzaɓin da maganin maleriya bai saukar ba, ko ciwon maƙogwaro mai tsanani, ko ƙuraje masu ruwa tare da kaluluwa, ya je asibiti da wuri, ya kuma gaya wa ma'aikacin lafiya abin da ya feɗe da ranar da ya feɗe shi. Maganin Lassa ya fi aiki in an fara shi a kwanakin farko.